DARASIN SANA'A: KAYAN AIKIN SASSAƘA ƘARAMIN JIRGIN RUWA

Da zarar an yi girbi a ƙasar Tambuwal da Kebbe, yara kan shiga gonaki neman karan dawa. Da shi suke yin motar kara da keken kara da ɗan jirgin ruwa. Manya kan ɗauki abin wasa ne kawai. Amma ƙaramin jirgi, idan aka yi shi da awo, yana koya wa mutum yadda babban jirgi ke zama a kan ruwa da abin da ke sa ya kife.

Wannan ilimi yana da amfani ga mutanen wannan yanki. Gulbin Zamfara ya baro Gummi, ya ratsa ƙasar Kebbe, ya nufi Jega. A ƙasar Tambuwal kuma akwai fadamu da tafukka masu cika da damina. Manoma da masunta da 'yan kasuwa da yawa sai sun shiga kwale-kwale kafin su kai inda za su.

Ruwa ya sha cin mutane a maƙwabta. A watan Afrilu na 2022 jirgi ya kife a Gidan Magana, cikin ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu. A watan Mayu na 2023 yara 15 daga ƙauyen Dandeji, shi ma a ƙasar Shagari, suka rasu a hanyar zuwa neman itacen girki. A watan Satumba na 2024 jirgin manoma ya kife a Gummi, aka yi asarar rayuka da dama. Allah ya jiƙansu, amin.

Darasin wannan wata zai bayyana kayan aikin da ake bukata, da yadda ake sassaƙa jirgin, da gwajin da za a yi da shi a cikin aji ko a gida.

ƘARAMIN JIRGI TSOHUWAR SANA'A CE

Mutanen Masar na dā sun sassaƙa ƙananan jirage da itace. A shekarar 1922 aka gano kabarin wani sarkinsu mai suna Tutankamun. A ciki an tarar da ƙananan jirage 35. A ƙasashen Turai ma, a dā masu ƙera jiragen teku kan fara sassaƙa ƙarami, su dube shi, su gyara shi, sannan su auna shi su ƙera babban. Gyaran kuskure a guntun itace ya fi gyaransa a babban jirgi sauƙi da araha.

Nijeriya ma tana da tarihi a wannan fanni. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani tsohon jirgi a binne. Masana suka tono shi a 1994. Tsawonsa ya ɗan wuce mita 8, an kuma sassaƙa shi daga itace guda. Bincike ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka gano a Afirka. Irin wannan sassaƙa ce za a koya a nan, sai dai a ƙaramin itace.

KAYAN AWO

Awo shi ne farkon aiki. Abubuwa uku ake bukata.

Rula. Irin ta 'yan makaranta mai santimita 30 ta isa. Idan akwai tef ɗin tela, ya fi, domin da shi za a auna babban jirgi a bakin gulbi.

Fensir. Da shi ake zana layi a jikin itace. Biro ba ya goguwa, saboda haka fensir ya fi.

Takarda mai kauri, kamar kwalin sukari ko na sabulu. A kanta ake zana siffar jirgin, a yanke, a ɗora a kan itace a bi gefenta da fensir.

Ga yadda ake lissafin. Mita 1 santimita 100 ce. A ce wani kwale-kwale yana da tsawon mita 8, watau santimita 800. Faɗinsa santimita 120, zurfinsa santimita 60. Sai a raba kowane awo gida 20.

Tsawo: 800 ÷ 20 = santimita 40
Faɗi: 120 ÷ 20 = santimita 6
Zurfi: 60 ÷ 20 = santimita 3

Ke nan ƙaramin jirgin zai zama santimita 40 a tsawo, 6 a faɗi, 3 a zurfi. Dole a raba duka ukun da lamba ɗaya. Idan aka raba tsawo gida 20, faɗi kuma gida 10, jirgin ba zai yi kama da na ainihi ba, gwajin da aka yi da shi kuma zai ruɗi mutum.

KAYAN YANKA DA SASSAƘA

Yawancin waɗannan kaya maƙeran gida suna ƙera su. Sauran kuma ana samunsu a kasuwa ko a wurin kafinta.

Zarto. Da shi ake yanke itace daidai tsawon da aka auna. Ƙaramin zarto mai ƙananan haƙora ya fi, domin ba ya yaga itace.

Gizago. Shi ne babban makamin masassaƙi, wanda ake sassaƙa turmi da akushi da ƙotar fartanya da shi. A wannan aiki ƙarami ake so. Da shi ake rage bayan itace har siffar jirgi ta fito.

Kurfi, wanda kafintoci ke kira cizal. Da shi ake ƙwaƙule cikin jirgi. Faɗin bakinsa kada ya wuce santimita 1 ko 2. Wanda ba shi da kurfi ya kai babbar ƙusa wurin maƙeri a buga bakinta ya yi faɗi, a wasa. Za ta yi aikin.

Guduma. Ta itace ta fi dacewa da bugun kurfi, domin ta ƙarfe tana farfasa ƙota.

Wuƙa. Gajeruwa mai kaifi, mai ƙota mai ƙarfi. Da ita ake fiƙe goshin jirgi da bayansa, ake kuma feƙe kara. Kada a ba yara reza. Tana karyewa, kuma ba ta da wurin riƙo.

Basilla, irin ta dukawa. Da ita ake huda ƙananan ramuka kafin a sa ƙusa ko tsinke, don kada itace ya tsage.

Magagari da samfefa. Magagari yana cinye ƙulle-ƙullen da gizago ya bari. Samfefa kuma tana sa jikin itace ya yi sumul. A fara da mai kaushi, a ƙare da mai laushi.

Dutsen washi. Ƙarfe mara kaifi ya fi mai kaifi haɗari. Mai aiki yakan danna shi da ƙarfi, sai ya goce ya sami hannu. A riƙa wasa wuƙa da kurfi kafin a fara aiki.

KAYAN HAƊI

Itace. A nemi mai laushi, mara nauyi, busasshe. Rimi da gurjiya suna da sauƙin sassaƙa. Guntun farin katako da kafinta ya rage shi ma yana yi. Ƙirya tana da tauri da nauyi, aikinta turmi ne da taɓarya. Ɗanyen itace yana tsagewa idan ya bushe. A duba kada itacen ya kasance da gara ko ƙulli a tsakiya. Kada a sare bishiya mai rai saboda wannan aiki. Reshen da ya faɗi ya isa, ga shi kuma hamada tana matsowa.

Karan dawa. Ɓawonsa yana yin kujerun jirgi da filafili. Totuwar cikinsa kuma ana yanka ta a yi mutum-mutumin fasinja.

Gam. A nan mutane da yawa ke yin kuskure. Ƙaro yana manna takarda, amma yana narkewa a ruwa. Farin gam ɗin kafinta ya fi shi, sai dai shi ma yana saki idan ya daɗe a jiƙe. Saboda haka duk abin da aka manna a ƙara masa tsinke ko ƙaramar ƙusa, sannan a rufe shi da fenti.

Kakin zuma ko kyandir. Ana narka shi a toshe tsaga ko ƙaramin rami. Haka masu babban jirgi ke cusa tsumma ko auduga a tsaga su bi da kwalta.

Fentin mai da ƙaramin buroshi. Fenti yana hana itace shan ruwa. A nemi kala biyu, ɗaya ta jikin jirgi, ɗaya kuma ja ko fara domin layin lodi. Ragowar fenti a gindin gwangwani ta isa.

Tsakuwa. A tsinto kamar 40 masu girma ɗaya, kowace kamar ƙwallon dabino. Su ne za su zama fasinja da kaya a lokacin gwaji.

Baho ko babban daro. Shi ne gulbin gwaji. Faɗinsa ya wuce tsawon jirgin.

WURIN AIKI

Ba a bukatar shago. Inuwar bishiya ko zaure mai haske ya wadatar. A sami benci ko kututture mai faɗi wanda ba ya motsi. A kafa guntayen katako biyu a kansa da ƙusa, a sa itacen a tsakaninsu. Ta haka itacen ba zai zame ba, hannuwa biyu kuma suna kan kayan aiki. Kada a riƙe itace a kan cinya ana sassaƙa.

Ga ƙa'idoji huɗu na wurin aiki:

1. A riƙa tura wuƙa da kurfi gaba, nesa da jiki.
2. Gizago da kurfi aikin babba ne. Yara su yi awo da zane da goge samfefa da fenti.
3. Idan an gama, a goge ƙarafa, a shafa musu ɗan mai don kada su yi tsatsa, a ajiye su a akwati inda ƙananan yara ba za su kai ba.
4. Wanda ƙusa ko wuƙa ta yi wa rauni mai zurfi ya wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ya tafi asibiti. Irin wannan rauni yana kawo cutar nan mai sandare wuya da muƙamuƙi, kuma akwai allurar rigakafinta.

Ɗalibi ɗaya ba lallai ne ya mallaki dukkan kayan ba. 'Yan aji suna iya haɗa hannu. Wannan ya kawo zarto, wancan ya aro gizago, wani ya kawo fenti. Malamin aji ya rubuta sunan kowane abu da na mai shi a littafi, domin a mayar wa kowa da kayansa.

YADDA AKE SASSAƘAWA

Mataki na 1. A yanke itace santimita 40 a tsawo, 6 a faɗi, 3 a kauri.

Mataki na 2. A ja layi a tsakiyar itacen daga wannan kai zuwa wancan, sama da ƙasa. Wannan layi shi ne jagora. Dama da hagu dole su zama daidai.

Mataki na 3. A ninka kwali biyu, a zana rabin jirgi a jikin ninkin, a yanke, a buɗe. Gefe biyun za su fito iri ɗaya. A ɗora a kan itace a zana.

Mataki na 4. A fara ƙwaƙule ciki tun itacen yana da kusurwa huɗu, domin a lokacin ya fi zama daram a kan benci. A riƙa cire kaɗan kaɗan. A bar kaurin rabin santimita a gefe, a bar gindi ya ɗan fi haka kauri.

Mataki na 5. A juya itacen a sassaƙe bayansa da gizago da wuƙa. A fiƙe goshi da baya. A bar tsakiyar gindi da ɗan faɗi.

Mataki na 6. A bi da magagari da samfefa. A ɗora jirgin a ruwa na ɗan lokaci. Idan ya karkata dama, gefen dama ya fi nauyi, sai a ƙara rage shi. A bar shi ya bushe sarai.

Mataki na 7. A toshe tsaga da kaki, a sa kujerun kara, a shafa fenti sau biyu. Sai shafin farko ya bushe ake yin na biyu.

Mataki na 8. A auna santimita 1 daga bakin jirgi zuwa ƙasa, a ja layi ja ko fari a kowane gefe. Wannan shi ne layin lodi.

ME YA SA JIRGI KE TASOWA?

Idan aka sa jirgi a daro cike da ruwa, wani ruwan zai zube. Jirgin ne ya ture shi. Nauyin ruwan da ya zube daidai yake da nauyin jirgin da kayan cikinsa. Wani masani Bagirke mai suna Arkimidis ne ya bayyana wannan, fiye da shekara 2,200 da suka wuce.

Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Duk kilo 1 da aka ƙara wa jirgi, sai ya ƙara nitsewa har ya ture wata lita 1. Idan ruwa ya kai bakinsa, ba sauran abin da zai ture, sai ya cika ya nitse. Kowane jirgi yana da iyakar abin da zai ɗauka, ko wane ne matuƙinsa.

A Ingila ma an yi zamanin da masu jiragen teku ke cika su da kaya fiye da kima, ma'aikata suna ta halaka. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya tsaya kai da fata a kan lamarin. A shekarar 1876 aka yi dokar da ta tilasta zana layin lodi a jikin jirgi. Har yau manyan jiragen teku suna ɗauke da wannan alama.

GWAJI BIYAR

Gani ya kori ji. A cika baho da ruwa, 'yan aji su kewaye shi.

Gwaji na 1. A riƙa jera tsakuwa a tsakiyar jirgi ɗaya bayan ɗaya, ana ƙirgawa, har ruwa ya taɓa layi. A rubuta adadin. Wannan shi ne lodin jirgin.

Gwaji na 2. A kaɗa ruwan da hannu a hankali. Jirgin zai yi rawa amma ba zai sha ruwa ba. A ƙara tsakuwa har layi ya ɓace, a sake kaɗawa kamar dā. Yanzu ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta shiga ciki. Jirgin da aka cika yana iya barin gaɓa lafiya, sai a tsakiyar gulbi iska ta same shi.

Gwaji na 3. A koma lodin farko, a tura tsakuwar duka gefe ɗaya. Jirgin zai karkata ko ya kife, alhali ba a ƙara masa kome ba. Haka ke faruwa idan fasinja suka firgita suka ruga gefe guda.

Gwaji na 4. A ɗaure tsakuwa uku a kan guntun kara, a kafa shi tsaye a cikin jirgin. A taɓa jirgin da yatsa. A kwantar da karan a gindi, a sake taɓawa. Za a ga nauyin da ke sama ya fi saurin kifar da jirgi. Shi ya sa ake cewa kowa ya zauna, kuma kada a tula itacen girki ko dammunan hatsi su yi tsiri.

Gwaji na 5. A zuba ruwa cokali biyar a cikin jirgin, a sake lodi. Tsakuwar da zai ɗauka kafin layi za ta ragu. Ruwan kuma yana gudu zuwa duk gefen da jirgi ya karkata, ya ƙara danne shi. A babban jirgi, ruwan da zai cika jarka uku masu lita 20 nauyinsa kilo 60 ne, watau nauyin babban mutum guda.

DAGA BAHO ZUWA GULBI

Santimita 1 da aka auna a nan ta gwaji ce. A babban jirgi, Sarkin Ruwa da tsofaffin matuƙa da jami'an hukuma su ne za su zauna su tsayar da inda layi zai kasance, gwargwadon girman jirgi da ƙarfin ruwan wurin. Aikin ba ya cin kuɗi. Gwangwanin fenti ɗaya zai ja wa jirage da yawa layi. Idan akwai layi, gardama ta ƙare tsakanin matuƙi da fasinja, domin kowa yana gani da idonsa.

A tuna kaya ma nauyi ne. Buhu mai kilo 100 daidai yake da mutum biyu masu kilo 50. Matuƙin da ya ƙirga kawuna ya manta da buhuna da babur da awaki bai gama lissafi ba.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta hana lodi fiye da kima da tafiyar dare. Ta kuma ce kowane fasinja ya sa rigar kariya daga nitsewa. Iyaye su kula, kada a bar yara su tuƙa jirgi su kaɗai zuwa neman itace ko ciyawa. Wanda ya iso mashiga ya tarar jirgi ya cika, ya haƙura ya jira sahu na biyu.

Ɗalibin da hannunsa ya faɗa da wannan aiki ya kama hanyar sana'a. Awo da zarto da kurfin da suka yi ƙaramin jirgi su ne ke yin kujera da akwati da allon makaranta.

KALMOMIN DA ZA A RUBUTA A ALLO

gizago, zarto, kurfi, basilla, magagari, samfefa, filafili, santimita, lita, kilo

TAMBAYOYI

1. Kawo kayan yanka guda huɗu da aikin kowanne.
2. Don me ƙaro bai dace da haɗa jirgin da za a sa a ruwa ba?
3. Wani jirgi tsawonsa mita 6 ne. Idan aka raba gida 20, santimita nawa ƙaraminsa zai zama?
4. Jarka 5 masu lita 20 cike da ruwa, kilo nawa ke nan?
5. A wace shekara aka gano jirgin Dufuna, kuma a wace jiha yake?
6. Faɗi abubuwa uku da ke kifar da jirgi ko da ba a ƙara masa fasinja ba.

AIKIN AJI

Kowane aji ya sassaƙa jirgi ɗaya kafin fitowa ta gaba. A gayyaci mai unguwa da Sarkin Ruwa da matuƙan yankin su ga gwajin da idonsu. A ajin mata ma a yi gwajin, domin su ne suka fi sanin lokacin da yara ke fita neman itace. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi.